Laskarina Bubulina: Attajirar Jiragen Ruwa a Yaƙin 'Yancin Ƙasar Girka

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 1824 wani Baturen Ingila, Kyaftin Kilafaton, wanda ya ratsa ƙasar Hausa da sunan Abdullahi, ya iso birnin Sakkwato, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo, ya yi kusan mako bakwai yana ganawa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A cikin littafin tafiyarsa ya ba da labarin cewa wata rana Sarkin Musulmi ya ɗauko zancen Girkawa, waɗanda a lokacin suka shekara uku suna yaƙi da Sarkin Santambul, ya tambaye shi ko akwai waɗansu Kiristoci da suka shigar musu. Baturen ya kauce wa tambayar. Sai Sarkin Musulmi ya tuna masa yaƙin da Ingilishi suka kai wa birnin Aljaza'ir, da yadda suka mallake ƙasar Hindu.

Wannan ganawa ta nuna cewa labarin yaƙin Girka ya ratso Sahara tare da fatake da alhazai tun ana cikin gwabza shi, kuma wanda ya yi tambayar ya gane inda gizo yake saƙa. Makasudin wannan lacca shi ne a bi rayuwar mutum guda daga cikin waɗanda suka tayar da wannan yaƙi, watau Laskarina Bubulina, attajira mai jiragen ruwa daga tsibirin Sifetses, domin a ga abin da dukiyar fatauci ta iya yi wajen neman 'yancin ƙasa, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya. Ya kamata a lura tun daga farko cewa duk inda aka ambaci Daular Usmaniyya a nan, ana nufin ta Turkawa mai hedkwata a Santambul, wadda ta mulki yawancin ƙasar Girka kusan shekara ɗari huɗu, ba wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa ba.

Tsibirai Uku da Asalin Arzikinsu

Idra da Sifetses da Fisara ƙananan tsibirai ne a tekun Girka, ƙasarsu duwatsu, noma ba ya ciyar da mutanensu. Saboda haka teku ta zama gonarsu. Mutanen Idra da Sifetses yawancinsu Arbanitawa ne, Kiristoci masu magana da wani reshe na harshen Albaniya. Hukumar Santambul ta bar su suna tafiyar da al'amuransu ta hannun dattawansu, muddin sun biya haraji sun kuma aika da matuƙa kowace shekara zuwa rundunar ruwa ta Sarki.

Abubuwa uku suka haɗu suka mai da waɗannan matalautan tsibirai gidajen attajirai. Na farko, yarjejeniyar sulhu ta 1774 tsakanin Rasha da Turkawa, tare da waɗanda suka biyo bayanta, ta buɗe Baƙin Teku ga jiragen fatauci masu tutar Rasha, Girkawa kuwa suka sami hanyar ɗaga wannan tuta a jiragensu alhali suna talakawan Sarkin Santambul. Na biyu, lokacin yaƙe-yaƙen Nafoliyon jiragen yaƙin Ingila sun tsare tashoshin Faransa da na ƙawayenta, abinci ya yi tsada ƙwarai a can. Sai matuƙan tsibiran nan suka riƙa ɗauko alkama daga tashoshin Baƙin Teku irin su Odesa, su sulale ta tsakanin masu tsaro, su sayar da riba ninkin ba ninkin. Na uku, saboda 'yan fashin teku na gaɓar Afirka ta Arewa, an yarje musu su ɗora igwa a jiragensu don kare kai. Ta haka aka sami jiragen kasuwa masu makamai, da matuƙan da suka saba da ƙarar bindiga, waɗanda kuma ake biya da kaso daga ribar tafiya, kowa yana ganin jirgin kamar nasa.

Mutumin Illela ko Araba, wanda yake kallon Birnin Ƙonni a ƙetaren layin da Ingila da Faransa suka shata da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba ya bukatar dogon bayani game da irin wannan arziki. Ya san cewa inda hukuma biyu suka haɗa iyaka, farashi biyu yakan samu, kuma mai abin hawa da sanin hanya shi yake cin abin da ke tsakani. Mai jirgi a Sifetses daidai yake da madugu a zamanin ayari: shi ke da jari, shi ke da mutane masu makamai, shi ya san sarakunan hanya da abin da kowannensu yake karɓa.

Amma da aka gama da Nafoliyon a 1815, tashoshi suka buɗe, farashin alkama ya faɗi, jirage suka kwanta a tasha, dubban matuƙa suka rasa aiki. Wannan zaman banza na masu makamai yana cikin abubuwan da suka hura wutar 1821.

Haihuwarta da Aurenta

An haifi Laskarina a shekarar 1771, lokacin da Shehu Usmanu yake saurayi mai kimanin shekara goma sha bakwai. Mahaifinta, Istabiriyanos Finotsis, kyaftin ne daga Idra wanda ya shiga tawayen da Rasha ta zuga a ƙasar Girka a 1770, Turkawa suka kama shi suka ɗaure a Santambul. Riwayar Girkawa ta ce a cikin kurkukun aka haife ta, yayin da mahaifiyarta ta je duba mijinta. Bai daɗe ba ya rasu. Uwar ta koma Idra da jaririya, bayan 'yan shekaru ta sake aure a Sifetses, a nan yarinyar ta girma cikin gidan matuƙa.

Ta yi aure sau biyu, kuma duka mazan nata masu jirage ne. Na farko, Dimitiriyos Yannuzas, ya mutu a faɗa da 'yan fashin teku. Na biyu, Dimitiriyos Bubulis, wanda daga sunansa aka sami laƙabin Bubulina, watau matar Bubulis, shi ma 'yan fashin teku na Aljaza'ir suka kashe shi a 1811. Tana da shekara arba'in ta zama bazawara karo na biyu, ga 'ya'ya, ga jirage, ga tsabar kuɗi mai yawa. Maimakon ta danƙa dukiyar ga dangin miji ta zauna a ɗaka, sai ta riƙe ragamar kasuwancin da kanta, ta shiga haɗin jari a waɗansu jirage, ta sa aka ƙera sababbi.

A 1816 hukumar Turkawa ta nemi ƙwace dukiyar, bisa hujjar cewa Bubulis ya taimaki Rasha da jiragensa a yaƙin 1806 zuwa 1812. Bubulina ta tafi Santambul ta nemi kariyar jakadan Rasha, Istiroganof, wanda ya tura ta Kirimiya ta fake na ɗan lokaci. Riwaya ta ƙara da cewa ta sami ganin mahaifiyar Sarki Mahmud na Biyu, wadda ta sa baki har aka bar mata kayanta. Darasin da attajira za ta koya daga wannan a fili yake: dukiyar da ba ta da wata kariya sai alfarmar jakadan wata ƙasa da tausayin uwar Sarki, aro ce a hannun mai ita. Yawancin attajiran Girka da suka shiga neman 'yanci sun taɓa ɗanɗana irin wannan fargaba.

A cikin shekarun nan wata ƙungiyar asiri, Filiki Eteriya, watau Ƙungiyar Aminai, wadda waɗansu ƙananan 'yan kasuwa uku suka kafa a Odesa a 1814, tana ta ɗaukar mutane da rantsuwa domin shirin tawaye. Girkawa suna lissafa Bubulina cikin waɗanda suka haɗa kai da ita, ko da yake sunanta bai fito a jerin sunayen 'yan ƙungiyar da suka tsira ba. Aikinta dai ya isa shaida. Ta sa aka ƙera mata babban jirgi mai igwa 18, aka gama shi a 1820, ta sa masa suna Agamemnon, sunan sarkin da ya jagoranci jiragen Girkawa a tatsuniyoyinsu na dā. Girman jirgin ya wuce abin da doka ta yarje wa talaka, sai ta toshe bakin ma'aikatan Turkawa da kuɗi. Ta kuma riƙa sayo albarushi da bindigogi daga tashoshin waje tana ɓoyewa a gida.

Shekarun Yaƙi

Tawaye ya ɓarke a farkon 1821. A watan Afrilu Sifetses ta zama ta farko cikin tsibiran nan uku da ta ɗaga tuta. A Idra kuwa manyan attajirai sun yi ta jan ƙafa, don sun san abin da za su yi hasara, sai da matuƙa marasa aiki suka tashi ƙarƙashin wani kyaftin, Antonis Ikonomu, suka tilasta musu. Wannan bambanci yana ƙara fito da matsayin Bubulina, domin ita tana cikin masu abin hasara, kuma ba a jira an tura ta ba.

Tana da shekara hamsin ta fita da jiragenta, 'ya'yanta da 'yan'uwanta suna tuƙa waɗansu, ta shiga tsare garin Nafiliyo ta ruwa. Nafiliyo gari ne mai ganuwa uku masu ƙarfi, ɗaya a kan dutse, kuma ba a iya cinsa da hari sai da yunwa. Aikin jirage shi ne hana abinci da gudummawa shiga. Jiragenta sun kuma taimaka wajen tsare Monembasiya, wadda ta miƙa wuya a tsakiyar 1821. A watan Mayu na wannan shekara babban ɗanta, Yannis Yannuzas, ya faɗi a fagen fama kusa da Argos. Duk wannan lokaci babu gwamnati mai baitulmali da za ta biya kowa. Albashin matuƙa, da abincinsu, da harsashi, da gyaran jirage, daga aljihun masu jirage suke fita, kuma cikin shekara biyu na farko Bubulina ta cinye mafi yawan abin da ta tara.

Muhimmancin jiragen tsibiran nan ga yaƙin ba ƙarami ba ne. Ba su kai manyan jiragen yaƙin Sarki girma ba, saboda haka suka dogara ga dabarar jirgin wuta: a cika tsohon jirgi da albarushi da kwalta, a manna shi a jikin na abokan gaba, a cinna wuta a tsere cikin kwalekwale. Da haka Kanaris na Fisara ya ƙone babban jirgin rundunar Turkawa a Kiyos a watan Yuni na 1822. Muddin tekun tana hannun Girkawa, Sarki bai iya ciyar da sojojinsa da ke cikin ganuwoyi ba. Nafiliyo ta faɗi a ƙarshen 1822, aka ba Bubulina gida a cikinta.

Tirifolitsa

Akwai wani babi da mai ba da tarihi na gaskiya ba zai tsallake ba. A ranar 23 ga Satumba 1821, bisa tsohon lissafin kwanaki na Girkawa, mayaƙan tawaye ƙarƙashin Tiyodoros Kolokotoronis suka shiga Tirifolitsa, hedkwatar mulkin Turkawa a yankin Moreya, inda Musulmin ƙauyuka suka taru neman mafaka. Kwana uku ana kisa. Dubban Musulmi da Yahudawa, maza da mata da yara, suka halaka. Ta ɗaya ɓangaren ma an yi irin wannan: an rataye shugaban cocin Girkawa, Girigoriyos na Biyar, a Santambul a ranar babban idinsu na 1821, kuma a 1822 sojojin Sarki suka karkashe mutanen Kiyos suka sayar da dubbai bayi. Zaluncin wani dai ba ya wanke na wani.

Bubulina tana Tirifolitsa a waɗannan kwanaki. Gwamnan Moreya, Hurshid Basha, yana can arewa yana yaƙi da Ali Basha na Yanina, ya bar iyalinsa a garin. Matan gidansa sun tsira, daga baya aka fanshe su, kuma ana danganta tsirarsu da sa bakin Bubulina. Riwayar Girkawa ta ce alkawari ta cika, wanda ta ɗaukar wa mahaifiyar Sarki cewa za ta kare matan Turkawa in sun shiga hannunta. Waɗansu Turawa da suka halarci yaƙin kuwa sun rubuta cewa ta shiga garin lokacin da ake cinikin miƙa wuya, ta karɓi gwala-gwalai daga matan masu hali a madadin kariya. Labaran biyu suna iya zama gaskiya tare, domin mai ciyar da rundunar jirage daga aljihunta tana bukatar kuɗi kowace safiya. Abin da ya tabbata shi ne, waɗanda suke da abin fansa sun rayu, talakawan garin kuwa ba su sami mai tsaya musu ba.

Yaƙin Basasa da Rasuwarta

Tun ba a kori Turkawa ba Girkawa suka juya wa juna. A 1824 rikici ya kai ga yaƙi tsakanin shugabannin Moreya da gwamnatin da attajiran Idra suke riƙe da ita ƙarƙashin Jojiyos Kunduriyotis. A watan Fabrairu na wannan shekara aka ƙulla rancen fam 800,000 a Landan, a 1825 aka ƙara na fam 2,000,000. Abin da ya iso hannun Girkawa bai kai waɗannan adadi ba ko kusa, kuma wani kaso mai yawa na farkon ya tafi wajen biyan sojojin da gwamnati ta murƙushe abokan hamayyarta da su.

Bubulina ta aurar da 'yarta Eleni ga Fanos, ɗan Kolokotoronis, saboda haka ta sami kanta a ɓangaren da aka ci, tana fuskantar 'yan'uwanta masu jirage. An kashe surukin nata a ƙarshen 1824, aka ɗaure Kolokotoronis a Idra a farkon 1825, ita kuma aka kama ta, aka raba ta da gidanta na Nafiliyo, aka mai da ita Sifetses ba ta da komai sai suna. A daidai wannan lokaci Ibrahim Basha, ɗan Muhammadu Ali na Masar, ya sauke ƙwararrun sojoji a Moreya a watan Fabrairu na 1825, ya fara ƙwace abin da aka ci.

Ajalinta bai zo mata a teku ba. Ɗanta Jojiyos ya gudu da wata yarinya ta gidan Kutsis, ɗaya daga cikin manyan gidajen tsibirin. A ranar 22 ga Mayu 1825 dangin yarinyar suka zo ƙofar gida da bindigogi, Bubulina ta leƙo tana mai da musu magana, wani ya harbe ta a goshi. Ba a taɓa hukunta kowa ba. Tana da shekara hamsin da huɗu.

Amsar Tambayar Sarkin Musulmi

Lokacin da Muhammadu Bello yake tambayar baƙonsa, amsa ta riga ta fara bayyana, ko da yake Baturen ya bar gida tun 1821. An riga an sa hannu a rancen Landan, kuma shahararren mawaƙin Ingila, Lod Bairon, wanda ya kai wa Girkawa kuɗinsa da kansa, ya rasu a Misolongi a watan Afrilu na 1824, Kilafaton yana Sakkwato. Cikakkiyar amsa ta zo a ranar 20 ga Oktoba 1827, sa'ad da jiragen yaƙin Ingila da Faransa da Rasha suka ragargaza rundunar ruwa ta Turkawa da Masar a Nabarino. A lokacin tawayen ya kusa mutuwa a hannun Ibrahim Basha. Ƙasashen nan uku suka amince da 'yancin Girka a Landan a 1830, a 1832 kuma suka zaɓa mata sarki, Oto, ɗan sarkin Babariya, yaro Bajamushe wanda bai kai shekara ashirin ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sabuwar ƙasa ta tashi da bashi a wuya, har manyan jam'iyyunta uku na farko ana kiransu ta Ingila da ta Faransa da ta Rasha.

Masu jirage ma ba su ga ribar abin da suka shuka ba. Sun nemi a biya su abin da suka kashe, gwamnatin Kafodistiriyas ba ta da shi, Idra ta yi tawaye a 1831. A cikin wannan rikici jirgin Agamemnon, wanda magada suka miƙa wa ƙasa aka sake masa suna Sifetses, ya halaka a tashar Foros, Girkawa suna faɗa da Girkawa. Ciniki ya koma tsibirin Siros, daga baya Firayus, zuwan jirage masu tururi kuma ya ƙarasa tsofaffin tsibiran.

Kammalawa

Girmamawa ta zo bayan rai. An sa hoton Bubulina a takardar dirakma 50 ta 1978 da kuma ƙwandalar dirakma ɗaya daga 1988 har aka daina amfani da dirakma. Zuriyarta sun mai da gidanta na Sifetses gidan tarihi a 1991, kuma a 2018 gwamnatin Girka ta ba ta muƙamin girmamawa na babbar hafsa a rundunar ruwa. Tituna da yawa suna ɗauke da sunanta. A kan ɗaya daga cikinsu, a birnin Atina, ofishin 'yan sandan ciki yake a zamanin mulkin soja na 1967 zuwa 1974, inda aka azabtar da Girkawa masu neman 'yancin faɗar ra'ayi, har sunan titin ya zama abin tsoro a bakin mutane.

Ƙasar Hausa ta san irin wannan tafiya ta suna. Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan a watan Afrilu na 1899, 'yan makonni kafin rundunar ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla, ta daɗe ba a ambatonta a wajen yankinta, sai bayan 'yancin Nijar aka ɗaga ta ta zama tutar ƙasa. Al'umma takan ɗauki abin da take bukata daga rayuwar jarumanta, ta bar saura. Aikin mai nazari shi ne ya maido da sauran.

In an maido da shi a rayuwar Bubulina, abin da ake gani shi ne mace mai kaifin sanin ciniki, wadda fashin teku ya raba ta da maza biyu, hukuma ta nemi raba ta da dukiya, ta zaɓi ta kashe dukiyar da hannunta a kan abin da ta gaskata. Jarinta da na ire-irenta ya isa ya tayar da yaƙi ya riƙe teku shekara huɗu. Bai isa ya hana kisan marasa makami a Tirifolitsa ba, bai haɗa kan shugabanni ba, bai kuma kammala yaƙin ba sai da manyan ƙasashe suka shigo da nasu sharuɗɗa. Sarkin Musulmi Bello, yana zaune a Sakkwato, nesa da teku tafiyar watanni, ya tambayi wane ne yake bayan masu tawayen. Duk mai nazarin yadda ƙasashen Afirka suka sami mulkin kai, da basussukan da suka biyo baya, zai amfana in ya fara da wannan tambaya.